Ku Ajiye Mayen Ƙarfe Tukuna

Ƴaƴana na Badagishiri da kewaye, samari da ƴan mata,

Bara da rani ɗan ƙanwata ya dawo daga wajen haƙar zinariya a arewa. Bayan sallar isha ya shigo zaurena, ya tura ƙyaure, ya kwance wani tsumma da ya ɗaure a ƙugu. Baƙin dutse ne a ciki, bai kai dunƙulen hannu ba. Ya zaro mayen ƙarfen da ya ɓalle daga lasifikar wata tsohuwar rediyo, ya kusanta shi, sai ji muka yi ƙas, ya manne. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ka gani? Daga sama ya faɗo." Abin da ya tara na wata biyu cikin rami da ƙura ya zuba ya saye shi, don an ce masa akwai masu biyan miliyoyi a kansa.

Na haska tocila na jujjuya dutsen. Jikinsa duk ƴan ramuka ne kamar saƙar zuma, gefe ɗaya kuma ga alamar abin da ya narke ya kwarara ya daskare. Tun muna yara muke tuntuɓe da irinsa a gindin duwatsu, wuraren da kakanni suka dafa tama. Kashin maƙera ne. Na daɗe ban faɗi magana mai nauyi a bakina kamar wadda na faɗa masa daren nan ba, kuma saboda kada wani cikinku ya sake shiga irin wannan hasara na ɗauki alƙalami.

Da farko, yaron nan bai yi wauta ba da ya yarda duwatsu na faɗowa daga sama. Suna faɗowa, kuma ƙasarmu ta sha ganinsu. A kundin da masanan duniya ke rubuta kowane dutsen sama akwai ɗaya mai suna Birnin Ƙonni, wanda ya faɗo a shekarar 1923, nauyinsa giram 560. Ranar 21 ga Agusta 1991 wani mai kilo 110 ya faɗo wajen dutsen Tazarzait, can arewacin jihar Tawa. A ƙetaren iyaka, ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana cikin gonarsa a Zagami ta ƙasar Katsina sai ya ji ƙara, dutse mai kilo 18 ya nutse cikin ƙasa ƴan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Akwai na Kabo a ƙasar Kano a 1971, akwai na Gujba a 1984. Ku lura, kowanne da sunan wurin da ya sauka ake kiransa har yau a jami'o'in duniya. Zan komo kan wannan.

To, me ya haɗa su da mayen ƙarfe, wanda a littafi ake kira maganaɗisu?

Ku tambayi kowane tsohon maƙeri, zai gaya muku ba a tsintar ƙarfe tsantsa a doron ƙasa. Abin da ake samu tama ce, wato ƙarfen da iska da ruwa suka ci ya zama tsatsa ya gauraya da ƙasa, sai an sha wuya da gawayi da wuta kafin ya fito. Mafi yawan ƙarfen duniyarmu ya nutse can cikin cibiyarta tun farkon halitta. Amma duwatsun sama ɓaraguzai ne na wasu manyan duwatsu da ke yawo a sarari, galibinsu tsakanin Mirrihi, wadda ƴan boko ke kira Mars, da Mushtari. Shekarunsu sun haura biliyan 4 da rabi, kuma a inda suka zauna babu ruwan sama, babu iskar da za ta sa tsatsa. Shi ya sa ƙarfensu ke isowa gare mu yana nan fes, gauraye da wani ɗan'uwansa da ake kira nikel. Wannan ƙarfen ne mayen ƙarfe ke kamawa. Mutanen da ma sun san darajarsa: wuƙar da aka samu a kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar, bincike ya tabbatar da ƙarfen sama aka ƙera ta.

Sai dai ba duka ne suka tashi ɗaya ba. Wasu ƙarfe ne zalla, kamar na Hoba a Namibiya mai kimanin tan 60, wanda har yau yana kwance inda ya faɗi. Irin waɗannan ba su wuce biyar cikin ɗari na waɗanda ake ganin faɗowarsu ba. Mafi rinjaye duwatsu ne da ƙwayoyin ƙarfe suka barbazu a cikinsu kamar gishiri a miya, kuma masana sun kasa su gwargwadon yawan ƙarfen. Na Birnin Ƙonni yana cikin masu ƙarfe da yawa, mayen ƙarfe zai cafke shi sosai. Na Tazarzait yana cikin masu ƙarfe kaɗan, jan da za a ji bai kai na farko ba. Akwai kuma waɗanda sai an rataye mayen a zare kafin a ga ya ɗan karkata. Na Gujba kuwa abin kallo ne, idan aka yanka shi ƙwallayen ƙarfe ne jere kamar an zuba gurjiya cikin laka.

Don haka wanda ya ce muku mayen ƙarfe na kama yawancin duwatsun sama bai yi ƙarya ba. Inda aka ɓata shi ne da aka juya maganar, aka ce duk abin da mayen ƙarfe ya kama dutsen sama ne. Kama da wane ba wane ba ne.

Mu a Adar muna zaune ne bisa ƙasar ƙarfe. Ku hau kan tudu tsakanin nan da Illela, ko ku bi hanyar Keita, ku ga baƙar tsakuwa da jan marmara iyakar ganin ido. Wasu daga cikinsu, musamman inda wutar daji ta taɓa bi, suna amsa kiran mayen ƙarfe. Wane yaro ne bai taɓa jan maye cikin rairayin ƙorama ya ɗago shi da baƙin gari a jiki kamar gemu ba? Wannan garin ma'adinin ƙasa ne, ruwa ya wanko shi daga duwatsu. Sannan ga kashin maƙera. Maƙeran Adar sun yi suna a dafa tama, har wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta zauna cikinsu a shekarun 1960 ta ɗauki aikin nasu a fim. Kowace dafuwa tana barin tulin kashi, baƙi, mai nauyi, mai kama da abin da ya ƙone, kuma sau da yawa da sauran ƙarfe a ciki. In ana neman abin da za a yaudari baƙo da shi, ba a samun wanda ya fi shi. Haka gatarin aradu da tsofaffi ke ajiyewa a ƙuryar ɗaki: wannan sumul ɗin dutse mai baki kamar gatari aikin hannun mutanen farko ne, su suka wasa shi tun kafin a san ƙarfe. Yana da tasa darajar ta tarihi, ku riƙe shi da kyau, amma a ƙasa aka yi shi.

Wannan ita ce gazawar mayen ƙarfe ta farko, yana shaidar baƙo ga ɗan gida. Ta biyu ta fi zafi ga mai neman arziki: duwatsun da suka fi kowanne tsada, su ne kusan ba ya kamawa. Dutsen Zagami da na ambata guntun duniyar Mirrihi ne. Wani babban dutse ya taɓa faɗa mata, ya watsa ɓaraguzanta cikin sarari, ɗaya ya yi ta yawo har ya sauka a gonar Bakatsine. An gane haka ne saboda iskar da ta maƙale cikinsa ta dace da wadda kumbunan Viking suka auna a Mirrihi a 1976. Duwatsun Mirrihi da na wata ba su da ƙarfe tsantsa sai abin da ba a rasa ba. Mai yawo da maye a aljihu zai taɓa irinsu, ya ji shiru, ya shure ya wuce.

Kun ji labarin wanda aka tsinta a jihar Agadas cikin Nuwamba 2023, mai nauyin kusan kilo 25, guntun Mirrihi mafi girma da aka taɓa samu a duniya. Ya fita daga ƙasar nan, ya bi ta Italiya, sai ga shi a Niyok ta Amurka, inda kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi ranar 16 ga Yuli 2025 a kan dalar Amurka miliyan 5.3, wato kusan miliyar 3 na sefa. Gwamnatinmu ta buɗe bincike kan yadda ya fita, sannan a watan Agusta ta dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama zuwa waje. Tun daga lokacin kowane baƙin dutse ya zama abin zargin arziki a bakin matasa. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Sunan dutsen nan NWA 16788. Haruffan nan uku na nufin arewa maso yammacin Afirka, kuma galibi ana liƙa su ne ga duwatsun hamada da suka bi hannun dillalai kafin su kai ga masana. Na 1923 yana ɗauke da sunan Birnin Ƙonni. Wannan kuwa, duk girmansa, lamba aka ba shi kamar buhu a sito.

Yanzu ku saurara da kyau, domin gazawa ta uku ita ce ainihin abin da ya sa na ce ku ajiye mayen. Ba kuskuren shaida kaɗai yake yi ba, ɓarna yake yi, kuma ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Kun san allurar kamfas da ke nuna arewa, irin wadda ake duba alƙibla da ita. Tana juyawa ne domin duniyarmu kanta wani ƙaton maganaɗisu ce, saboda narkakken ƙarfen da ke motsi a cikinta. To, idan dutse ya narke yana hucewa, ƙananan ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa sukan zama kamar dubban ƴan allurai. Muddin da zafi sosai suna ta rawa, ba su da alƙibla. Da zafin ya sauka ƙasa da wani mizani, wanda ga ƙarfe tsantsa digiri 770 ne, sai su daidaita da maganaɗisun wurin da suke, su tsaya cik a haka. Daga nan dutsen ya zama kamar allon da aka yi wa rubutu: yana riƙe da labarin ƙarfin maganaɗisun wurin da ya huce da kuma inda ya fuskanta, ko da shekara biliyan nawa za ta wuce. Masana suna da na'urorin karanta wannan rubutu. Da shi ake sanin ko wata duniya tana da narkakken ciki a da, da lokacin da ya daina motsi. Kuma tambayar ba ƙarama ba ce, domin maganaɗisun duniyarmu garkuwa ce da Allah Ya yi mana daga guguwar da rana ke fesowa. Mirrihi ta taɓa samun irin wannan garkuwa, ta rasa ta kimanin shekara biliyan 4 da suka shuɗe, ta zama busasshiyar hamada mai sanyi.

Rubutun nan siriri ne ƙwarai, domin maganaɗisun duniya mai rauni ne. Wanda kuke ɓallowa daga lasifika, balle ƙananan farare masu ƙarfin tsiya da ake sayarwa yanzu, ya ninka shi sau dubbai a daidai inda ya taɓa. Da zarar ya manne, ƴan alluran nan sai su watsar da tsohuwar alƙiblarsu su bi shi. Kamar a ɗauki allon da aka rubuta tun farkon zamani a tsoma shi a ruwa. Ido ba zai ga canji ba, nauyin dutsen yana nan, launinsa yana nan, amma karatun ya tafi.

Wannan ya riga ya faru. A 2011 an tsinci wani guntun Mirrihi a hamadar Maroko da kewayenta, aka ba shi lamba NWA 7034. A cikinsa akwai ƙwayoyin da suka kai shekara biliyan 4.4, wato daga zamanin da Mirrihi ke da garkuwarta. Masana suka yi murna, suna ganin sun sami shaidar da suka daɗe suna nema. Da suka auna, sai suka tarar an riga su. A 2023 Foteini Vervelidou da Benjamin Weiss na jami'ar MIT a Amurka, tare da France Lagroix ta Faris, suka wallafa bincikensu: duk guntayen da suka gwada, mayen ƙarfen masu tsinta da dillalai ya shafe tsohon rubutun ya ɗora nasa. Abin da ya tsira daga karon duwatsu, ya tsira daga tafiyar sarari, ya tsira daga wutar shigowa iskar duniya, sai ya salwanta cikin ƙiftawar ido a hannun mutumin da ba shi da mugun nufi ko kaɗan. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu, domin mai tsintar nan irinmu ne, ɗan hamada ne mai neman abin kai wa gida, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa.

Ku an gaya muku. To, in kun ga dutsen da ya ba ku mamaki, me za ku yi?

Ku fara da ido da tafin hannu, sun fi maye gaskiya. Dutsen sama yakan fi na gida nauyi in girmansu ɗaya. Wanda yake ƙarfe zalla ya kusan ninka dutsen gida sau uku. Wanda bai daɗe da faɗowa ba yana da baƙar fata siririya, ba ta fi kaurin farce ba, inda zafin shigowa ya lashe shi, cikinsa kuwa yakan zama toka-toka mai haske. Gefunansa a goge suke, wani lokaci da ƴan lotsawa kamar an danna yatsa a ɗanyen yumɓu. Idan kun ga ramukan kumfa, ko farar ƙanƙara a jiki, ko zubi-zubi kamar na farar ƙasar da ake haƙa a Malbaza, ku bar shi, ɗan gida ne. Idan baƙar tsakuwa ce daga kan tudu, ku goga ta a bayan tayil ko gindin kofin tangaran inda ba a shafa ƙyalli ba: in ta bar jan zane ko baƙi ƙirin, tama ce.

Kafin ku ɗaga shi daga inda yake, ku ɗauki hotonsa a kwance, ku ajiye wani abu kusa don a gane girmansa. Wayoyin da ke hannunku suna nuna lambobin wuri, ku rubuta su, da ranar, da sunan gona ko ƙauyen da ya fi kusa. In kun ji ƙara ko kun ga haske a sama, ku rubuta lokacin da kuma ta inda ya ɓullo, ku tambayi waɗanda suka gani. Ta haka ne dutse ke samun sunan garinsa. Sannan ku naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, kada ku wanke shi, kada ku shafa masa mai, kada ku haɗa shi aljihu ɗaya da waya ko rediyo, don su ma da maye a cikinsu. In har zuciya ta matsa sai an gwada, ku nemi ɗan ɓallin da ya riga ya rabu da kansa, ku je nesa da uwar ku gwada shi, ku ajiye shi daban, ku kuma faɗa wa wanda zai duba cewa an taɓa wannan.

Kada ku fasa. Mutanen da na Gujba ya faɗo a wajensu sun farfasa shi kowa ya ɗauki nasa, har ba a san ainihin nauyinsa ba sai ƙiyasi. Dutsen sama ba ya maganin ciwo, ba ya tsare gida, ba ya kuma cutar da wanda ya taɓa shi. Shi kansa ba maye ba ne, ba ya ɗaga allura. Duk wanda ya zo muku da labarin dutse mai jan shinkafa ko mai tsayar da agogo, yana neman ku haɗa kuɗin gwaji, ku tashi daga wajensa, ɗan damfara ne. Kuma kada wanda ya sayi dutse saboda an manna masa maye a gabansa. Ɗan ƙanwata ya biya wannan karatu da gumin wata biyu, ya ishe mu duka.

Wurin kai shi yana nan. Akwai ma'aikatar ma'adinai a Tawa, akwai malaman ilimin ƙasa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ku fara da malaminku na kimiyya a lakwal, ku je tare da wani babba na gida, ku nemi takardar shaidar cewa kun kawo. Masana na da wata ƙaramar na'ura da ke auna yawan ƙarfen dutse da ɗan maganaɗisu mai rauni, ba tare da ta taɓa rubutun ba. Na san wani zai ce, "Kawu, ga mai saye a ƙofa da kuɗi a hannu, ka ce in je ofis?" Na san zafin talauci, ban raina shi ba. Amma mai sayen da ke zuwa da dare yana gaggawa ya san abin da ba ku sani ba, kuma a kan rashin saninku yake cin riba. Sannan ga dokar da ta hana fitarwa, wadda in ta kama, ku za ta fara kamawa, ba shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, daga na Birnin Ƙonni har zuwa na Agadas, shekara ɗari cif, duwatsun da suka sauka a ƙasarmu a ɗakunan binciken wasu ƙasashe ake karanta su. Hamadarmu tana cikin wuraren da suka fi adana su a duniya, saboda ƙarancin ruwa. Yaran da suka fi kowa sanin tudu da fako, masu kiwo da masu jera duwatsu don tare zaizayar ƙasa, namu ne. Abin da ya rage mana masu karatun ne. Ke da kike ajin ƙarshe a kwaleji kina son lissafi, kai da kake ganin darasin kimiyyar ƙasa ba shi da amfani, wannan fage a buɗe yake, kuma ba ya buƙatar ka zama ɗan wani.

Ɗan ƙanwata bai jefar da kashin maƙeransa ba. Na ce ya kai wa malamin ajin ƙanensa, yanzu da shi ake nuna wa yara yadda ake bambance na gida da baƙo. Ku ma ku isar da saƙon nan ga yayyenku da ke Jado da sauran wuraren haƙa, da makiyayan da kuke haɗuwa da su ranar kasuwa: in sun ga baƙin dutse mai nauyi shi kaɗai a fili, su ɗauki hoto, su rubuta wurin, su bar mayen ƙarfe cikin jaka.

Allah Ya yi muku albarka.